Jami'an farin kaya a mulkin farar hula: a gaban wa suke amsa tambaya?

Malamin Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a cikinku akwai lauyoyi da waɗanda suka yi aikin gwamnati. Ni malamin sakandare ne a Zariya, darasin gwamnati nake koyarwa. Kowace shekara ina zana wa yara ɓangarori uku a allo: majalisa, zartarwa, kotu, kowanne yana taka wa ɗan uwansa burki. Amma idan aka zo kan hukumomin leƙen asiri, wato DSS (farin kaya, masu tsaron cikin gida) da NIA (masu leƙen asiri a ƙasashen waje) da DIA (ta ɓangaren soja), sai in rasa inda zan sa su a zanen.

Ranar 7 ga Agustan 2018 jami'an DSS da fuskoki a rufe suka tare ƙofar majalisar tarayya, suka hana zaɓaɓɓu shiga. Kafin yamma Osinbajo, yana riƙon ƙwarya, ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura. Sambo Dasuki ya zauna a hannunsu daga Disambar 2015 zuwa Disambar 2019, alhali kotuna sun sha ba da belinsa, har kotun ECOWAS ta ce a sake shi. A 2017 EFCC ta tarar da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, shugaban NIA na lokacin, Ayo Oke, ya ce kuɗin aikin hukumarsa ne. Wa ya san da su kafin ranar?

Ba na cikin masu cewa a rusa su. Ina da 'yan uwa a Kano, na san halin da suka shiga ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 da bama-bamai suka tashi a ofisoshin tsaro, mutane fiye da 180 suka rasu. Wanda ya ga wannan ya san ƙasa ba ta zama lafiya sai da masu jin ƙishin-ƙishin tun abu bai faru ba. Tambayata ita ce: hukumar da aikinta sirri ne, ta yaya jama'ar da ke biyan ta za su san ba a juya ta kansu ba?

Barista Kawo:

Wa alaikumus salam Malam. Dalilin da ya sa ka rasa inda za ka sa su shi ne ba a cikin wancan zanen aka haife su ba. Bayan kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar tsaro ta NSO domin kada a sake mamayar ta da juyin mulki. Sunanta ya ɓaci sosai a 1984 da 1985, lokacin shugabancin Lawal Rafindadi, da ake tsare mutane babu shari'a. Sai Babangida ya rusa ta a 1986 da dokar soja mai lamba 19, ya raba ta gida uku, wato DSS da NIA da DIA. Wannan dokar ita ce har yau muke aiki da ita. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗaure ta a jikin kundin, tare da dokar mallakar filaye da ta NYSC. Ba za a iya gyara ta kamar sauran dokoki ba, sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki, har da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi.

Doka ce da aka rubuta wa shugaban soja, saboda haka duk igiyoyinta a hannun mutum ɗaya suke. Mun yi tafi ranar da aka kori Daura, ni ma na yi. Amma ikon da ya kore shi cikin awanni shi ne zai iya korar shugaban hukumar da ya ƙi yin abin da fada ke so. Wanda ya san wa'adinsa na rataye da fuskar mutum ɗaya, ba sai an ba shi umarni ba, da kansa zai karanta fuskar.

Ta ɓangaren tsarewa kuwa, doka ba ta da duhu. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotun na da nisa. Dokar yaƙi da ta'addanci ta ba da damar a riƙe mutum fiye da haka, amma da izinin alƙali. To idan alƙalin ya ce a saki, aka ƙi, kamar yadda aka yi da Sheikh Zakzaky bayan hukuncin babbar kotun tarayya a Disambar 2016, ko yadda aka yi kokawa da Sowore a harabar kotu a Disambar 2019, me ya rage wa lauya ya yi? Ra'ayinka a kan waɗannan mutane daban, umarnin kotu daban.

Dattijon Barnawa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Barista ɗana, na ji bayaninka kuma babu ƙarya a ciki, amma ku bari tsoho ya sa baki. Na yi aiki a ɓangaren tsaro har na yi ritaya, ba sai na faɗi inda ba.

Wannan aiki, nasararsa ba ta da hoto. Harin da aka daƙile babu gawa, babu hayaƙi, babu wanda zai yi hira da rediyo. Wanda ya kuɓuce kuwa, duniya za ta gani. Kabiru Sokoto, wanda aka kama kan harin cocin Madalla na Kirsimetin 2011, ya tsere daga hannun 'yan sanda, farin kaya ne suka sake cafko shi a Mutum Biyu ta Taraba, aka yi masa ɗaurin rai da rai a 2013. Khalid al-Barnawi, jagoran ƙungiyar Ansaru, an kama shi a Lokoja a 2016. Yaran da suka yi watanni suna bin sawu, suna kwana a tasha, babu wanda zai taɓa sanin sunansu.

Sannan abin da ka sani daban, abin da za ka iya tabbatarwa a gaban alƙali daban. Sau da yawa wanda ya ba ka labarin yana cikin gidan, ko ƙanin matar mutumin ne, ko mai kai musu abinci. Ka fito da shi a matsayin shaida, ka sa an yanka shi. Ka ɓoye shi, lauya ya ce ba ka da hujja, a saki mutumin da ka tabbata yana da hannu. A nan ne jami'i ke jarabtuwa da ya ci gaba da riƙewa. Ban ce daidai ba ne, ina faɗa muku inda ƙafa ke zamewa.

Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rahoto nawa ake rubutawa ya kwana a teburin mai mulki? Bayan fasa gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yulin 2022, Buhari ya je ya ce bai ji daɗin aikin leƙen asiri ba, amma a zauren majalisar wakilai an faɗa cewa gargaɗi ya sha zuwa kafin harin. Ɗan siyasar da ba ya karanta rahoto a kan 'yan bindiga, shi ne zai kira ka da tsakar dare yana son sanin wa abokin hamayyarsa ya gana da shi. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da maganar a buɗe wa kwamitin majalisa komai. Abin da aka faɗa a ɗakin da safe, za ka karanta shi a Facebook kafin la'asar.

Maman Hanifa:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Ni ba 'yar boko ba ce sosai, kayan masarufi nake sayarwa a garinmu ta wajen Katsina, amma na ga abin da ya sa mutane suka kama bakinsu.

Akwai wani yaro a layinmu mai shagon cajin waya. Ana idar da sallar asuba wasu mutane cikin kayan gida suka zo da mota marar lamba suka tafi da shi, ko takalmi bai sa ba. Matarsa da goyo ta bi ofis-ofis da kular abinci a hannu, ko'ina a ce ba ya nan. Abincin ya huce ta dawo da shi, gobe ta sake dafawa. Mahaifiyarsa har ta fara karɓar gaisuwa. Bayan watanni sai ga shi, ya rame, an sauke shi a bakin titi. Laifinsa wai lambarsa ta fito a wayar wani da aka kama, alhali mutum ne da kowa ke ara wayarsa ya yi kira. Ba a kai shi kotu ba, ba a ce masa yi haƙuri ba, har yau ba mu san wace hukuma ce ta riƙe shi ba.

Tun daga nan, Baba, idan baƙin fuska suka zo suna sayen burodi buhu-buhu da fetur a jarkoki, kowa ya san inda kayan za su, kowa kuma sai ya kau da kai. Tsoro biyu ne. Ka kai rahoto a fara tambayarka ta yaya ka sani, ka zama kai ne abin zargi. Ko maganar ta koma daji ta bakin infoma, a zo har gida a same ka. Ku da kuka yi aikin kun ce da mutanen gari kuke samun labari. To ga mutanen garin nan sun rufe baki, kuma ba 'yan bindiga kaɗai suka rufe musu shi ba.

Ɗan Zangon Hambug:

Ina karanta ku daga Jamus. Kada a ɗauka ciwon namu ne kaɗai. A Amurka sai a 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya tono yadda FBI ta yi shekaru tana bibiyar Martin Luther King da yadda CIA ta kitsa kashe shugabannin wasu ƙasashe. Daga nan aka kafa kwamitocin dindindin a majalisa, aka yi dokar 1978 mai kotu ta musamman da ke ba da izinin sauraron waya. Duk da haka a 2013 Edward Snowden, wanda ya fallasa takardun sirrin Amurka, ya nuna cewa kotun nan da kanta ta amince ana kwashe bayanan kiran miliyoyin Amurkawa. Ingila ma, hukumarta ta leƙen asirin cikin gida, MI5, tun 1909 take, amma sai 1989 aka yi mata doka. Afirka ta Kudu na da sufeto janar na leƙen asiri da kwamitin majalisa, amma kwamitin binciken da Ramaphosa ya kafa a 2018 ya gano an mayar da hukumar makamin rikicin cikin jam'iyya a zamanin Zuma.

Akan batun rahoton da ke kwana a tebur, Baba na da gaskiya. Alhaji Umaru Mutallab da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja a Nuwambar 2009 ya yi gargaɗi game da ɗansa, amma yaron ya hau jirgin Detroit da bam a jikinsa ranar Kirsimeti. Abin da ke damuna yanzu shi ne an haɗa layukan wayarmu da NIN, bayanan kowa sun taru wuri guda, kuma ban ji ana tambayar wa ke da izinin buɗe su ba.

Barista Kawo:

Baba, ranka ya daɗe, matsalar shaida gaskiya ce, amma doka ta tanadi mafita. Alƙali na iya sauraron shari'ar ta'addanci a asirce, a rufe fuskar shaida, a sakaya sunansa. An yi zaman irin wannan ga waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji ta Jihar Neja tun 2017, kuma a can aka sallami ɗaruruwan mutane saboda babu hujja a kansu, bayan sun yi shekaru a tsare. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tabbacin jami'i ba koyaushe yake zama gaskiya ba. Kwamitin majalisa kuma ba sai na mutum arba'in ba. A zaɓi kaɗan daga jam'iyya mai mulki da 'yan adawa, a tantance su, a rantsar da su, wanda ya fitar da sirri ya fuskanci hukunci.

Maman Hanifa, ki faɗa wa iyalan yaron cewa suna da damar shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa na karɓar koke ba tare da kuɗi ba. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ma wajabta wa majistare ya riƙa zagaya wuraren tsare mutane duk wata, ya duba rajista, ya ga waɗanda ke ciki. Da ana yin haka da gaske, matar nan ba za ta yi ta yawo da kula ba.

Malamin Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, kowa ya ƙara mini ilimi. Baba, tambaya ɗaya ta rage gare ka: a zamaninka, idan umarni ya zo daga sama na bibiyar ɗan adawa ko ɗan jarida, ƙaramin jami'i na da hanyar cewa a'a?

Dattijon Barnawa:

Hanya ɗaya na sani, Malam: ka ce a ba ka a rubuce. Irin wannan umarni kusan kullum da baki yake zuwa, ko ta waya, saboda mai ba da shi ba ya son sa hannunsa ya zauna a fayil. Na ga wanda ya nemi a rubuta masa, ba a rubuta ba, aikin ya mutu, amma bayan ɗan lokaci aka yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ko ruwan famfo babu, ƙarin girmansa ya tsaya. Yara suna kallo, kowa ya ɗauki darasi. Idan za a taɓa dokar nan ta 1986, ni abin da zan roƙa shi ne a wajabta rubuta kowane umarnin kamu ko sauraron waya da sunan wanda ya bayar, a ajiye kwafi inda alƙali ko sufeto mai zaman kansa zai iya dubawa ko bayan shekara goma, sannan a ba jami'in da aka matsa wa wurin kai ƙara wanda ba ofishin maigidansa ba. Maman Hanifa, ki gaida mini mahaifiyar yaron nan.