Modul ɗin wutar Golf 2: sabo ko Beljiyam? Kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai Golf: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Golf ɗina ƙirar 1989 ta tsiro da wani hali. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma da inji ya ɗau zafi sai ta mutu kamar an kashe makulli. In ta huce, ta tashi. Ranar Juma'a a hanyar Zariya ta yi min, ga iyali a ciki, ga rana. Bakanike ya duba fulogi babu wuta, ya ce modul ne, wato ɗan akwatin lantarkin da ke sarrafa wutar da ke zuwa fulogi. A kasuwa an nuna min sabo a kwali mai araha, da na Beljiyam da ya fi shi tsada. Wanne zan ɗauka?

Direban Haya: Wa alaikumus salam. Allah Ya tsare gaba. Ni sabo na saya saboda araha, kwali mai kyau har da tambari, ashe jabu ne. Sati uku ya yi. Na koma shagon, aka ce kayan wuta ba a dawo da su. Na biyun na Beljiyam ne, na sa aka ɗaura a motar a gaban mai shago, muka bar inji yana aiki har fanka ta tashi sau biyu, sannan na biya. Shekara biyu ke nan ban sake taɓa wurin ba.

Mai Wayarin: Malam, kafin ka fitar da kuɗi a tabbatar shi ne. Na sha karɓar motar da aka canza wa modul sau biyu, alhali matsalar sensa ce, mai waya uku ɗin nan da ke cikin distributa, wato abin da ke raba wa fulogi wuta, domin ita ma in ta ji zafi tana ɗauke wuta. In kuwa modul ɗin ne, cire tsohon ka tafi da shi. Na Golf 2 ƙafa bakwai ne, amma kada kama ta ruɗe ka, lambar jiki za ka bi. Na kamfani yawanci 191 905 351 ne, da harafi a ƙarshe, Bosch da Telefunken duk sun yi shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗauri. Modul yana zaune a kan farantin alminiyam don ya sauke zafi, kuma tsakaninsu akwai wani farin mai da ake shafawa. Yara sai su goge shi, ko su shafa giris, ko ma su bar modul yana reto a waya. Wallahi ko na asali ne ba zai kai damina ba. A sa mita a kwayil kuma, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi. Irin wannan tsarin kwayil ɗinsa ƙasa da om 1 yake nunawa a mita, ba irin na tsohon tsari mai kontak ba, kuma kwayil da ya fara ƙonewa shi ke cin sabon modul.

Mai Honda: Gaskiyar Oga ce. Tawa Accord ce ta 1992, wadda muke kira Hala, modul ɗinta a cikin distributa yake. Darasin da na koya: a tsofaffin Honda akwai distributan TEC, akwai na Hitachi, kayan cikinsu ba sa shiga juna. Sunan mota kawai na faɗa wa mai kaya, sai da na yi sawu biyu.

Dattijo: Ɗana, a duba caji ma. Modul ɗina biyu suka ƙone a jere, daga baya aka gano altaneta ke wuce ƙa'ida. Inji na aiki, batir ya nuna wajen volt 14 a mita. In ya haura 15 akwai matsala. Kuma kada ka bari a cire kan batir inji yana aiki wai gwajin caji, da idona na ga hakan ya kashe modul. Ni yanzu ina ajiye guda a mota, wanda na riga na gwada.

Mai Golf: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau aka auna, sensa da caji lafiya. Da aka kwance tsohon, bayansa a bushe ƙamas, babu ko alamar farin man. Na ɗauki na Beljiyam mai lamba ɗaya da nawa, aka shafa man a gabana. Na je Kaduna na dawo da rana, ba ta yi ko tari ba. Oga mai wayarin, kwayil ɗin ya nuna 0.7, in bar shi?