Ina so in riƙa tuƙa jirgin filafili ni kaɗai, wane kaya zan fara sa wa jirgin?

Sagiru: Assalamu alaikum. Jirgina mita 7 ne, nauyinsa kusan tan 2, mai sandar tuƙi ne ba sitiyari ba. Burina in riƙa fita ni kaɗai kusa da gaɓar teku, wuni ɗaya ko biyu. Kuɗin ba zai ɗauki komai lokaci guda ba. Da me zan fara?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Fara da abin da zai hana ka rabuwa da jirgin. In ka faɗa ruwa kai kaɗai, jirgin tafiyarsa zai yi, kuma da kaya a jiki ba ka kamo shi da iyo.

Shimfiɗa igiyar tsaro daga goshin jirgi zuwa baya. Ta zama ɗamara mai faɗin milimita 25 wadda ke jure kusan kilo 2,000. Kada ka sa mulmulalliyar igiya, birgima take yi a ƙarƙashin ƙafa. Ka matso da ita tsakiyar jirgi gwargwadon iko, ƙarshenta kuma ya tsaya kamar mita 2 kafin bayan jirgi. Igiyar da za ta haɗa ka da ita ta zama mai reshe biyu, mita 1 da mita 2, kuma gajeren ne na aiki. Dogon yana barin mutum ya zarce gefe, ruwa ya riƙa jansa yana shaƙe shi. Rana tana cin ɗamarar nan, a cire ta in an dawo.

Rigar ceto ta 150N (ma'aunin ƙarfin da take ɗaga mutum da shi a ruwa), mai maɗauri ta tsakanin cinyoyi, in babu shi rigar haurowa take yi ta kan mutum. Sai tsani a baya, wanda wanda ke cikin ruwa zai iya jawowa da hannu ɗaya.

Injiniya Bala: Bayan na Malam, sai na'urar da ke riƙe sandar tuƙi tana tuƙa jirgin da kanta. Raymarine ST1000 an yi ta don jirgi har kilo 3,000, amma lissafa nauyinka da ruwan sha da mai da kaya a ciki. In ka kusa iyaka, ɗauki ST2000. Ƙusar da take kamawa a jikin sandar za ta zauna milimita 460 daga inda sandar ke juyawa. Ka matso da ita ciki, na'urar ta rasa ƙarfi. Ka yi nisa, ta kasa juya jirgi yadda ya kamata.

Abu biyu ke kashe ta: ruwa da ke shiga ta bakin sandar da ke fitowa daga jikinta, da jirgin da filafili ya yi wa yawa, tana ta kokawa har ta shanye batir. Yi mata riga, kuma ka tuna batirin dalma mai 100Ah (ma'aunin wutar da yake riƙewa) rabinsa kawai ake ci.

Sagiru: Na gode. To maganar dawo da duk igiyoyi mazaunin matuƙi fa?

Malam Habu: Ba duka ba, ɗan'uwa. Kowace kura (ƙaramin gargaren da igiya ke bi ta kansa) da igiya ta ratsa tana ƙara mata tauri. Dawo da igiyar ɗaga babban filafili tare da igiyoyin rage shi, su zauna wuri guda. Mafi munin tsari shi ne rabi a gindin jigo (dogon sandan da ke riƙe filafili), rabi a baya, kana kai da komo iska na tashi. Duk abin da ka ɗaure a saman jirgi, sa masa farantin ƙarfe ta ƙasa, ka cika ramin da abin toshewa, in ba haka ba ruwa ya shiga ya ruɓar da katakon ciki. Jirgi irin naka, da iska ta kai wajen not 15 (not ma'aunin gudu ne a teku), rage filafili tun sandar ba ta fara yi maka nauyi a hannu ba.

Injiniya Bala: Rediyon VHF na hannu (rediyon magana na jiragen ruwa), a tasha ta 16 ta kiran gaggawa, da na'urar kiran ceto ta 406 MHz su kasance a jikin rigarka. A cikin ɗakin jirgi ba su da amfani ga wanda ke ruwa.