Wa saƙo ya taɓa lalace masa a hanya? A zahiri nake nufi, ba a fim ba

Ɗalibar Gwallameji:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Aikin jarida nake karanta a nan Bauchi, kuma an ba mu jinga: mu ɗauko darasin sadarwa mu nuna shi a finafinan da jama'a ke kallo. Tsarin da muke bi na Claude Shannon ne, injiniyan kamfanin waya na Bell a Amurka, wanda ya fitar a 1948, sannan suka mayar da shi littafi shi da Warren Weaver a 1949. Akwai mai aika saƙo, da hanyar da saƙon ya bi, da mai karɓa, sai hayaniya, wato duk abin da ya shiga tsakani ya gurɓata maganar.

A finafinanmu hayaniyar nan kusan kullum mutum ce: kishiya ta laɓe ta ji rabin zance, ko aboki munafuki, ko miji ya tarar da matarsa tsaye da wani, tana "tsaya ka ji", yana "babu abin da zan ji". Ni dai ban gamsu cewa haka abin yake a gidajenmu ba. Wanda ya taɓa gani da idonsa, don Allah ya ba mu labari.

Mai Gwari na Muda Lawal:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ni tawa hayaniyar ta gaske ce. Ina tsaye kusa da injin markaɗe na kira dillalina a Toro, na ce a ɗoro mini tumatir kwando sha biyu. Shi sha biyar ya ji. Kin san gwari ba ya jiran kowa. Washegari ukun nan sun fara ruwa, sai karyar da su na yi wa masu abinci. Da muka zauna lissafi ya rantse na rantse, kuma babu maƙaryaci a cikinmu. Yanzu in na faɗi adadi sai na ce masa maimaita in ji. A fim kuwa waya garau take fita ko a tsakiyar tasha, sai ranar da darakta ke son a yi saki, ranar caji ke ƙarewa.

Ɗalibar Gwallameji:
Kawu, wannan "maimaita in ji" shi muke kira martani. Zanen Shannon na farko ma babu shi a ciki, daga baya masana suka ƙara.

Maman Ilham, Pantami:
Namu a Gombe ya faru, kuma babu munafuki ko ɗaya a ciki. Kawunnanmu biyu suka je nema wa ƙanena aure. An shimfiɗa musu darduma, an kawo ruwa da fura, an yi raha. Mahaifin yarinyar ya ce sun ji sun gode, amma yarinya tana karatu, za su yi shawara, Allah ya zaɓa mafi alheri. Goro da alewar da aka kai kuma aka ce su riƙe abinsu tukuna.

Babban kawu tun a zauren ya gane an rufe ƙofa. Ƙaramin shi ya riga shiga wajen mahaifiyarmu, ya ce Yaya, an karɓe mu hannu bibbiyu, shawara kawai ta rage. Babban yana zaune yana ji, bai ce uffan ba. Daga baya ya ce wai nauyi ya ji, kuma ya ɗauka duk wanda ya ga goro ya dawo gida ai ba ya buƙatar fassara. Mu kuwa muka shiga haɗa lefe. Ni da kaina na zaɓo akwatuna da atamfofi, har an kai wasu wajen tela, sai muka ji an sa ranar yarinya da wani. Har yau Hajiya ba ta gaisawa da matan gidan da sakin fuska, alhali mutanen nan sun ba mu amsa tun ranar farko, da ladabi ma.

Malamin Sakandare, Azare:
Hajiya, naki shi ne ainihin jingar yarinyar nan. Wani masanin al'adu Ba'amurke, Edward Hall, ya yi bayani a 1976 cewa akwai al'ummomin da ma'ana ke cikin kalmar da aka furta, akwai kuma waɗanda ma'anar ke cikin yanayi: wa ya faɗa, a gaban wa, me aka yi shiru a kai. Mu muna cikin na biyun dumu-dumu. Dattijo ba ya cewa "ba zan ba ku ba" a gaban baƙi.

A nan nake ganin masu fim sun yi mana rabin adalci. Wajen zance suna ƙoƙari: budurwa ta sunkuyar da kai, tana jan bakin mayafi, kowa ya gane ta amince. Amma da an zo saɓani sai a koma ihu da nuna yatsa, har yaro yana ɗaga wa mahaifinsa murya. Saɓanin da na sani a gidaje yawancinsa shiru ne, da gaisuwar da aka gajarta, da kwanon abincin da aka daina aikowa.

Mai Tura Finafinai, Wunti:
Malam, a yi mana uzuri. In mijin ya tsaya ya ji bayani, fim ya ƙare a minti goma, mu kuma mu ci me? A shagona nake ganin masu kallo suna yi wa waya tsawa, "gaya masa mana, yayanki ne!" Daɗin ke nan: kai ka sani, shi bai sani ba. Shiru da gajeriyar gaisuwa ba sa sa mutum ya dawo neman kashi na gaba.

Anti Nas:
A fim likita zai fito ya cire tabarau ya girgiza kai, kowa ya fahimta. A wurin aiki ba haka ba ne. Wani dattijo aka ba magani a ƙaramin asibitin da nake, aka ja layi uku a jikin takardar, ma'ana safe, rana, dare. Jikansa da ya rako shi ya ce ya gane. Suna zuwa gida ya ba kakan ƙwaya uku a lokaci guda. Allah ya taƙaita, jiri kawai ya kwashe shi. Abin da na lura, in ka tambayi mutanenmu "ka gane?" ba mai ce maka a'a, don kada a ga ƙauyancinsa. Sai dai in ce Baba, nuna mini yadda za ka sha.

Baba Tsohon Hedimasta, Dass:
Ku yaran yanzu ba ku san zamanin wasiƙa ba. Muna firamare mu ne masu karanta wa unguwa. Wata tsohuwa ta kira ni da wasiƙar ɗanta da ke aikin kuza a Jos. Shafin farko gaisuwa ce, sai a ƙasa ya rubuta cewa ta daina aiko masa da buƙatun dangi, shi ba banki ba ne. Na ɗaga kai na gan ta ta tattara hankali tana murmushi. Sai na karanta mata cewa al'amura sun ɗan yi tsauri bana, ta yi haƙuri ta sa shi a addu'a. Ta sa masa albarka, ta ba ni ƙuli-ƙuli, ta kuma sa na rubuta masa amsa. Da ya zo hutun Sallah lafiya lau suka gaisa.

Ɗalibar Gwallameji:
Baba, ai kai ne mai tsaron ƙofa da ake koya mana, wato mai zaɓar saƙon da zai wuce! A binciken da ya wallafa a 1950, wani masani David White ya bibiyi wani editan jarida a Amurka, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin goma na labaran da ke iso masa kawai yake bari su fita. Amma Baba, da malaminmu ne zai ce ka canza saƙo, kai ma hayaniya ne. Kuma da fim ne, a kashi na ƙarshe sai tsohuwar ta kai wa wani wasiƙar ya sake karanta mata.

Baba Tsohon Hedimasta, Dass:
Ta kai mana, 'yata. Wajen abokin karatuna ta kai, don ta ƙara jin gaisuwar ɗanta. Ya zo daidai layin ya tsaya, ya ce mata rubutun wurin ya goge, amma abin da na karanta mata daidai ne. Ki tambayi malaminku mu biyun nan a wane gurbi zai sa mu.

Mai Gwari na Muda Lawal:
Baba, da irinku aka samu tsakanina da dillalin Toro, da kwando ukun nan ma ya biya rabi.