Abin da aka tattauna kan moter ɗin goge gilashi na tsohin motoci

To jama'a ga abin da masu gyaran motocin Peugeot 404 da 504 na Tahoua suka tsaya a kai. Kafin ka zargi moter duba fizibil (abin da ke yanke wuta in ta yi yawa) da masi (haɗin wayar wuta da ƙarfen jikin mota) tukuna, tsatsa ce ke cin masi sai ka ga abu na ja da ƙyar.

In moter ɗin na kamfanin Bosch ne lambobi na jiki inda ake haɗa wayoyi, 31 masi, 53 tafiya a hankali, 53b sauri, 53a kuma wuta ce kai tsaye wadda ke maido hannuwan goge gilashin mazauninsu bayan ka kashe, nan ne yawanci ake rikicewa wallahi. Don su zauna daidai, cire hannuwan, kunna ka kashe moter ya tsaya da kanshi sannan ka ɗaura su.

Wani dattijo ya ce ƙurar hunturu na busar da giris, a wanke a sa sabo, kuma kar a kunna bisa busasshen gilashi.