Wanda ya yi sakawa (damfarar intanet) ya ce ya tuba, a ba shi aure?

Yar Nima:
Salam jama'a, shawara nake nema. Wani ke neman ƙanwata, kowa a unguwa ya san da sakawa yake yi, yanzu ya ce ya bari, ya buɗe shagon waya a Circle nan Accra kuma ba ya rasa jam'i. Yarinya ta mutu a kansa, Baba ya ce sam. Wai mutum na canjawa da gaske?

Baban Aboabo:
Ƴata, hali zanen dutse ne. Ku bi maganar tsohonku.

Malamin Mamobi:
Alhaji a yi haƙuri, Sayyidina Umar da takobi ya fito zai kashe Annabi (SAW), ranar ya musulunta. Mutum na canjawa. Amma tuba na da sharaɗi, ka bari, ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba, in kuma haƙƙin mutane ne sai ka mayar musu, to wannan na ƙarshen ne samarinmu ke tsallakewa, jarin shagon daga ina ya fito?

Anti Sabon Zongo:
Ni sallar ba ta ruɗa ni, kowa na iya sa jallabiya ya je babban masallacin Kanda ran Juma'a. Ku duba abokansa, in har yanzu waɗancan ne yake zama da su har tsakar dare to da sauran aiki. Kuma kar ku matsa wa yarinyar, soyayya in an hana ta ƙara zafi take yi. Ku ce ya jira bayan babbar sallah.

Yar Nima:
Malam, maganar jarin nan ba wanda ya tambaye shi. Yaya zai je ya same shi gobe.