Taƙaitawa: Yaya ake gane ra'ayin mai zaɓe ya zauna?

Muhawarar da aka yi kan yadda ake jin ra'ayin masu zaɓe a Jihar Katsina ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa tambaya sau ɗaya ba ta nuna komai. Sai an koma wa mutanen nan dai da aka tambaya, bayan wata uku ko shida, da tambayar ba a sauya ko kalma ba. Wani ya kawo Philip Converse, masanin kimiyyar siyasa na Amurka, wanda a 1964 ya nuna cewa mutane da yawa kan canza amsa daga zagaye zuwa zagaye.

2. An daɗe kan kara. Ka shiga zauren dattijo a Daura da takarda a hannu, maƙwabta na zaune, ba zai kushe kowa ba. Matan aure kuwa mace za a aika musu, ba a gaban maigida ba.

3. Kiran waya kaɗai yana tsallake mutanen ƙauye, ga shi Katsina na da ƙananan hukumomi har 34.

Inda aka rabu shi ne zaɓen 2023. Atiku na PDP ya ci Katsina da ƙyar a zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, bayan mako uku Dikko Radda na APC ya ci gwamna. Wasu suka ce ra'ayi ne ya juya. Wasu suka ce a'a, mutum ake bi ba jam'iyya ba, don haka a riƙa raba tambayar ɗan takara da ta jam'iyya. Ni dai na fi karkata nan.