Rubutun da ke giftawa idan an kunna kwamfuta, a ina ake ajiye shi?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Debian ce, wato wani nau'in Linux, a kan na'urata. Kullum na kunna ta sai wani jan rubutu ya gifta a allo, kafin in ɗaga ido ya wuce. Ta yaya zan sa ta riƙa zuba saƙonnin nan a fayil?

Habu: Wa alaikumus salam. Buga `dmesg > boot.txt`, shi ke nan.

Malam Sani: Habu, ka yi gaggawa. Abin da dmesg ke nunawa maganar kernel ce kawai, wato zuciyar Linux, kuma a ƙwaƙwalwar wucin gadi take, idan wurin ya cika sabon saƙo ya danne tsoho. Jan rubutun da Auwalu ke gani galibi na systemd ne, manhajar da ke tayar da ayyukan na'ura, wato wani aiki ya ƙi tashi. Gwada `journalctl -b`. In kurakurai kaɗai kake so, ƙara `-p err`.

Auwalu: Malam, na gani wallahi! Amma na jiya nake nema, ranar da ta maƙale gaba ɗaya. Na sa `-b -1` don ganin tashin da ya gabata, ta ce babu komai.

Malam Sani: To nan gizo ke saƙa. Idan babu `/var/log/journal`, a `/run/log/journal` ake rubutawa, kuma da an kashe na'ura ya tafi. Buɗe `/etc/systemd/journald.conf`, ka sa `Storage=persistent`, ka sake kunnawa. Daga nan `journalctl --list-boots` zai jero maka kowane tashi. Na jiya dai sai haƙuri.

Bilkisu: Ni kuma shawarata ka cire `quiet` daga `/etc/default/grub`, ka buga `update-grub`, saƙonnin su fito fili. Kuma kada ka ji tsoron cika faifai, journald, mai ajiye saƙonnin, ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari, iyakarsa 4G sai in kai ka canza.

Habu: In ta mutu tun kafin a ɗora faifan fa, Anti?

Bilkisu: Ai babu inda za ta rubuta. Sai netconsole, wato ta tura wa wata kwamfutar saƙonnin ta hanyar network. Ni da ta taɓa faruwa da ni, bidiyon allon na ɗauka da wayata na riƙa tsayarwa ina karantawa.

Auwalu: Na gyara fayil ɗin, bari in sake kunnawa in dawo muku.